Aikin buga jan ƙarfe a Penang

Karatu ne ya kawo ni Maleshiya, aiki kuma ya riƙe ni. Ina aiki a wata masana'anta a Bayan Lepas, kudancin tsibirin Penang, yankin da aka ware wa masana'antu a 1972, shekarar da kamfanin Intel ya kafa ma'aikatarsa a nan. Duk mai gyaran waya ko rediyo ya san IC, 'yar baƙar na'urar lantarkin nan mai ƙafafu a jere. To waɗannan ƙafafun, da shimfiɗar da ake ɗora ƙwaƙwalwarta a kai, su muke bugawa.

Jan ƙarfen a naɗe yake zuwa, falle siriri mai tsawon gaske. Inji na jan sa kaɗan-kaɗan ta tsakanin haƙoran yanka da ke sama da ramukansu da ke ƙasa. A zangon farko a huda 'yan ramukan da za su riƙe shi kada ya goce, a na gaba a yanke, can gaba a danne, har ya fito da siffarsa. Bugu ɗaruruwa ake yi a minti guda, shi ya sa ba mai shiga ɗakin sai da toshin kunne. Ba a taɓa ƙarfen da hannu tsirara, domin gumi na bar masa tabo, ga garin da laima kullum.

Amma gwanintar ba a injin take ba, tana wurin masu gyaran haƙoran. Akwai wani dattijo ɗan asalin Sin a sashenmu, da farko ko gaisuwata da kai yake amsawa. Ranar da ya ga na tsaya bayan an tashi ina kallon yadda yake wasa haƙori, sai ya jawo ni gaban madubin ƙara girma ya nuna mini gefen wata ƙafa da ta yi kaushi. Da ido ba a ganin komai. Ya ce haƙori ne ya fara dakushewa, kuma wannan ɗan kaushin ya isa ya sa ƙafa biyu su haɗu, wuta ta bi inda bai kamata ba. Irin wannan sanin a hannun dattawa yake, kuma yana damuna cewa samari kaɗan ne ke tsayawa su karɓa.

Daga shi na fara samun mutane. Shi ya kai ni inda ake sayar da nasi kandar, shinkafa da miya iri-iri ta Musulmai 'yan asalin Indiya, yana tambayar mai shagon ko yajin ba zai fi ƙarfina ba. Sauran abokan aikina 'yan Nepal ne da Bangaladash da Indunusiya, kowa na ƙirga abin da zai aika gida. Akwai ɗakin salla a masana'antar, ranar Juma'a ma ana tsawaita hutun rana mu tafi masallaci.

Yanzu dattijon ya fara barina in wasa ƙananan haƙora da kaina, yana tsaye a bayana. Manyan dai ya ce sai baɗi, in Allah ya kai mu.