Daga Mons zuwa Mons: Ziyarar kabarin wani barde

"Kawu, duk wuraren kallon da ke ƙasar nan, maƙabarta ka zaɓa?" Haka ɗan ƙanwata ya tambaye ni muna jiran jirgin ƙasa a tashar Brussels-Midi. Karatu yake yi a Beljiyam, ni kuma baƙonsa ne na mako guda. Na ce masa ya yi haƙuri ya raka ni, akwai mutumin da nake son in tsaya a kansa.

Gidanmu gidan doki ne. Na tashi ina kai harawa da dusa barga, na iya ɗaura sirdi tun ƙafata ba ta kai likkafa ba. Shi ya sa tun ranar da na karanta cewa sojan Birtaniya na ƙarshe da aka sani ya mutu a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya mahayin doki ne, abin ya tsaya mini a rai. Sunansa George Edwin Ellison.

Ba mu cika awa guda a jirgi ba muka sauka Mons. Ana yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Muka ratsa dandalin tsakiyar gari, inda wani ɗan biri na ƙarfe yake maƙale jikin ginin hukumar birnin, kansa ya yi sumul saboda masu shafa shi da hannun hagu don neman sa'a. Ba mu tsaya ba. Abin da ya ɗauki hankalina tun muna cikin jirgi shi ne wasu tuddai masu tsini da itatuwa suka rufe. Yaron ya ce ba duwatsun Allah ba ne, tarin ƙasar da aka fitar daga ramukan haƙar kwal ce, domin yankin Borinage da ke gefen Mons da kwal aka san shi. Na yi shiru. Ellison ma mahaƙin kwal ne. An haife shi a York a 1878, ya zauna a Leeds, ya yi aikin soja tun yana saurayi, sannan ya tuɓe kaki, ya yi aure a 1912, ya shiga rami neman abin da zai ciyar da iyali. Da yaƙi ya tashi a 1914 ya sake komawa, cikin runduna ta biyar ta 'yan mashin Ireland, masu yaƙi a kan doki.

A nan Mons ɗin ya fara. Ranar 23 ga Agusta 1914 sojojin Birtaniya suka yi karonsu na farko babba da Jamusawa a bakin magudanar ruwan garin, aka fi ƙarfinsu, suka ja da baya zuwa cikin Faransa. Daga nan Ellison ya ga fagen dagar Ypres, ya ga na Loos, ya ga na Cambrai. Wanda ya san doki zai gane irin baƙin cikin da ke cikin wannan yaƙi ga barde. Doki fili yake so da sukuwa, sai ga waya mai ƙaya, ga taɓo har gwiwa, ga bindigar da ke zubo harsashi kamar ruwan Agusta. Sau da yawa sai a bar dawakin a baya, mahayan su shiga ramuka su yi yaƙi a ƙasa kamar kowa. Mutumin da ya baro rami a Ingila ya zo ya sake samun kansa cikin wani ramin. Shekara huɗu yana cikin wannan hali, Allah bai karɓi ransa ba.

Daga tsakiyar gari muka ɗauki tasi zuwa ƙauyen Saint-Symphorien, 'yan kilomitoci gabas da Mons. Maƙabartar tana cikin gonaki. Na zaci fili zan gani shimfiɗe da fararen duwatsu a jere, sai na tarar da wuri mai tudu da gangare, ga itatuwa masu duhu, ga ƙananan hanyoyi suna lanƙwasa, domin tsohon wurin haƙar ma'adini ne. Jamusawa ne suka kafa ta lokacin da suke riƙe da garin, aka buɗe ta a 1917. Mai filin, wani ɗan Beljiyam mai suna Jean Houzeau de Lehaie, ya ba da shi kyauta bisa sharaɗin a binne mamatan ɓangarorin biyu da mutunci iri ɗaya. Aka cika masa. Yau akwai kaburburan Jamusawa 284 da na Birtaniya da ƙasashen da ke tare da ita 229. Wannan mutum ya burge ni ƙwarai. Ƙasarsa tana hannun abokan gaba, amma bai yarda a wulaƙanta gawa ba, ko ta wace ce.

Ɗan ƙanwata ne ya fara ganin dutsen. Fari ne, bai wuce cinyata ba, an sassaƙa tambarin rundunarsa a sama, ga lambarsa ta soja, ga kwanan wata: 11 ga Nuwamba 1918. A gindinsa wani ya soke ɗan gicciyen katako da jar fure ta takarda, ruwan sama ya jiƙa ta har launin ya fara zuba. Farabiti ne. Bayan duk waɗannan shekaru, ya mutu babu igiya ko ɗaya a hannun rigarsa, ba kofur ba, ba saje ba. Shekarunsa 40.

A safiyar wannan rana, wajen ƙarfe biyar, an riga an sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne da ke Faransa. Amma an ce sai ƙarfe 11 za ta fara aiki, don saƙo ya isa ko'ina. Cikin waɗannan awoyi shida ba a daina tura mutane gaba ba. Rundunar Ellison tana tare da sojojin Kanada da suka ƙwato Mons, aka tura shi sintiri a bayan gari. Wajen ƙarfe 9:30 wani maharbi da ya laɓe ya harbe shi. Saura awa ɗaya da rabi. Na san ajali ba ya jira, kuma ban yi jayayya da wannan ba. Sai dai manyan da suka san takarda ta riga ta sha tawada, suka kuma ci gaba da cewa a matsa gaba, ban iya wanke su a zuciyata ba. Ya bar matarsa Hannah da ɗansu James, wanda saura kwana biyar ya cika shekara biyar.

"Kawu, juyo ka ga wannan."

Na juya. Daura da kabarin, tsallaken 'yar ciyawa, akwai wani farin dutse yana fuskantarsa. John Parr ne, wanda ake ɗauka shi ne sojan Birtaniya na farko da aka kashe a yaƙin, ranar 21 ga Agusta 1914. Yaro ne ɗan shekara 17 da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, kuma a kan keke yake aikin leƙen abokan gaba. Na auna tsakaninsu da ƙafata, taku bakwai na yi. Ba shiri aka yi ba, haka ta kama: yaƙin ya zaga ya dawo inda ya faro. Can gaba kaɗan kuma ga George Price, ɗan Kanada, wanda harbi ya kashe rana ɗaya da Ellison, ƙarfe 10:58, saura minti biyu a tsagaita wuta.

Ɗan ƙanwata ya daɗe tsaye gaban dutsen Parr, hannayensa cikin aljihu. Shekara biyar kacal ya ɗara Parr. Ni kuwa na koma wajen Ellison na tsuguna, na miƙe gicciyen katakon da iska ta karkatar, na share ganyen da ya manne a kan sunansa. Ina ta tunanin dokinsa, da wanda ya kama linzamin ya jawo shi baya, sirdi babu kowa.

Ruwan ya ƙara ƙarfi, mai tasi ya yi mana hon daga bakin ƙofa. A cikin jirgi ba mu yi wata hira ba. Da muka isa ɗakinsa a Brussels, yaron ya duba agogo ya ce, "Kawu, daga ƙofar maƙabartar zuwa nan, awa ɗaya da rabi muka yi."