Dabbar da Silabawa suka ƙi kiran sunanta

Wata na uku ke nan ina koyon Rashanci, jiya kuwa kalma ɗaya ta hana ni barci: medved', wato beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta dazukan ƙasashen sanyi. Ashe laƙabi ne, ba sunanta na ainihi ba.

Masana harshe sun jera ta da medvěd na harshen Cek da niedźwiedź na harshen Folan, suka gano tushensu ɗaya, *medvědь. Alamar tauraro (*) da ke gabanta na nufin ba a taɓa samun ta a rubuce ba, domin kakannin Silabawa, wato mutanen Rasha, Cek, Folan, Yukren da danginsu, ba su fara rubutu ba sai ƙarni na 9. Gaɓa biyu ce: *medu, zuma, da *ěd, ci. Maciyin zuma! Harafin v da ke tsakiyarta ma tsohon u ne na *medu.  'Yan Yukren kuma sun juya ta, suna cewa vedmid'.

Tsoro ne, in ji masana, ya sa Silabawa suka jefar da tsohon sunan dabbar, ɗan'uwan arktos na Girkanci. Nan take na tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Da dare ba ta taɓa cewa maciji, sai dai igiyar ƙasa.