Ku kashe wuta da hannunku kafin a kashe muku

Ƙannena masu koyon kod a nan Sakkwato, bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Wani Alhaji mai sayen albasa daga Goronyo da Wurno ya ba ni aikin manhaja, yaranshi su riƙa shigar da buhuna ta waya, saƙo ya shiga RabbitMQ, can wani sashe ya ɗauka ya rubuta a rumbun bayanai ya tura wa manomi tes. RabbitMQ ɗin nan dillali ne kawai, yana tsakiya, ya amshi saƙo ya ajiye a layi har mai karɓa ya shirya. Tun 2007 ake amfani da shi, ba abin jiya ba ne, laifin nawa ne ba nashi ba.

Na gwada a laftof dina a Mabera, na tura saƙo goma, goma sunka iso, na ce shi ke nan na gama. Wallahi wannan ba gwaji ba ne.

Da farko na bar sashen mai karɓa yana cewa dillali "na karɓa" kai tsaye tun kafin ya taɓa aikin, to da manhajar ta faɗi saƙon ya tafi ke nan, dillali ya riga ya goge. Na gyara, sai an gama rubutawa sannan a tura shaidar karɓa. Ina ta jin kaina gwani. Ran nan cikin zafin Afrilu anka ɗauke wuta, inbata kuma batir ya mutu, daidai lokacin da an rubuta buhu 40 na wani manomi amma shaidar ba ta fita ba, da wuta ta dawo dillali ya ga ba a ce mishi komai ba, ya sake turo saƙon, haka aikinshi yake. Buhu 40 ya koma 80. Alhaji ya kira ni bayan la'asar, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "Malam, wanga lissafi naka zan biya ko nawa?" Na so ƙasa ta tsage.

Saboda haka ku sa a ranku kowane saƙo zai iya zuwa sau biyu, a Kafka ma, wani dillalin saƙonni irin RabbitMQ, haka ne. Ku ba kowane saƙo lamba tashi daban, mai karɓa ya duba rumbu, in ya taɓa ganin lambar ya ce na karɓa ya wuce. Layin kuma ku sa shi mai ɗorewa, saƙon a rubuta shi a faifai, in ba haka ba sabar na sake tashi komai ya ɓace. Saƙon da ya lalace ku tura shi layin matattun saƙonni, wato layin gefe da ake ajiye waɗanda anka kasa aiki da su, kar ya yi ta zagaye yana cinye sauran.

Yanzu in zan gwada, sai in cika layi da saƙo dubu, ana tsakar aiki in fizge wayar sabar daga soket, in mayar, in zauna in ƙirga buhuna ɗaya bayan ɗaya.