Giwayen Dajin W da Rikicin Maƙwabta

Duk lokacin da na ji labarin tsamin dangantaka tsakanin Nijar da Benin, hankalina yakan tafi gandun dajin W, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar harafin da aka raɗa wa wurin. Nijar da Benin da Burkina Faso ne suka raba wannan daji. A 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa shi da gandun dajin Arly na Burkina Faso da na Pendjari na Benin cikin wuraren gado na duniya, kuma a waɗannan dazuzzuka ne akasarin zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke.

Giwa ba ruwanta da iyaka. Da rani ta bi ruwa, da damina ta bi ciyawa. Mafarauci ma haka: ya harbi giwa a wannan ƙasa, ya sare haurenta, kafin gari ya waye ya tsallaka waccan. Mai gadin daji kaɗai ne doka ta ce ya tsaya a bakin iyaka. Shi ya sa nake ganin sintiri na haɗin gwiwa ya zama dole, tare da musayar bayanai ta rediyo da hukunci iri ɗaya ga masu farautar haram.

Yanzu ga 'yan bindiga sun yi sansani a dajin, har sun kashe masu gadi a ɓangaren Benin a 2022. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun juyin mulkin Nijar na 2023 gwamnatocin suka koma kallon hadarin kaji, alhali makiyaya da manoman gefen dajin ma suna jiran a zauna da su a shata burtali.