Addu'ar taro tana da tsari

'Yan'uwa a Wusasa, Sabon Gari da Samaru, addu'ar da ikilisiya ta haɗa baki a kanta tana da ƙarfi. A Ayyukan Manzanni sura 12, masu bi suna cikin addu'a a gidan Maryamu, uwar Markus, Bitrus ya fito daga kurkuku ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Amma sai an shirya. Jagora ya tattara buƙatu kafin a fara, uku ko huɗu sun isa, kowacce a ba ta kamar minti 5. A karanta aya, a yi shiru kaɗan, sannan a roƙa. Idan akwai gaba tsakanin mutum biyu, dattawa su sulhunta su tukuna, gama Matiyu 5:23-24 ya koyar cewa mutum ya fara shiryawa da ɗan'uwansa kafin ya miƙa baiko.

Abin da ya fi ɓata taro shi ne tona asiri. A ce "wata 'yar'uwa tana cikin damuwa a gidanta" ya isa, ba sai an faɗi suna ba. Da zarar buƙata ta zama gulma, mutane sukan daina kawo damuwarsu. A addu'ar dare kuma a rage lasifika saboda maƙwabta. Mara lafiyar da aka yi wa addu'a, zumuntar mata su je su duba shi cikin makon.