Akori-kurar da gishiri ya cinye ta ƙasa

A 2019 na sayi akori-kura 'yar Kwatano, ƙirar 2003, don ɗaukar dankalin turawa daga Bokkos. Fenti fes, inji lafiya lau. Na zagaya ta sau biyu, na leƙa inji, na biya. Ƙarƙashinta kuwa ko sunkuyawa ban yi ba.

Wata na huɗu, mun yi lodi mun nufi Akwanga, saura kaɗan mu kai gangaren Hawan Kibo, na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Salati kawai nake yi. Na dinga rage giya ɗaya bayan ɗaya, ina jan birkin hannu a hankali don kada tayoyin baya su kulle, har Allah ya sa muka tsaya a gefen titi. Yaron motata ya shiga ƙasa ya fito hannunsa jiƙe da man birki.

A gareji bakanike ya nuna min bututun ƙarfen da ke kai mai ga birkin baya. Tsatsa ta cinye shi, ya huje. Sannan ya ɗauki guduma yana ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, ɓawon tsatsa na zubo masa a fuska kamar garin jar ƙasa. Kusa da inda sifirin na baya yake kamawa ya danna sukundireba, ta shige ciki. Ya ce, "Alhaji, wannan motar daga ƙasar sanyi ta fito." A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige cikin shasi ya kwanta, yana ci daga ciki shekara da shekaru. Wanda ya sayar min kuwa baƙin fenti ya fesa a kai, abin da har yau yake min ciwo, domin rai ne ya yi wasa da shi.

Tayoyin ma ashe sun tsufa. Lamba huɗun da ke jikin taya mako ne da shekarar da aka yi ta. Nawa 2311 ne, wato mako na 23 na 2011, shekara takwas ke nan.

Na canza bututun birki gaba ɗaya da tayoyi. Mai walda ya yi wa shasin faci, amma na daina ɗora mata lodi mai nauyi, na kuma haƙura da hanyar Akwanga. Da ƙanena zai sayi tasa bara, ni na shimfiɗa kwali na kwanta ƙarƙashinta da tocila da guduma. Uku muka duba kafin na yarda ya biya.