Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a maganar lissafin adashen nan

Alhamdulillahi, daren jiya aka shigar da layi na ƙarshe kuma lissafi ya zo daidai da kuɗin da ke hannu, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Sai yau na yi barcin kirki.

Kun riga kun san abin da ya faru, lissafin adashenmu da nake riƙe da shi a Excel ne ya goge a kwamfuta. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da na danna Ctrl+Z, wato maɓallan komawa baya. Na danna, na sake danna, na kuma danna, allon Excel fari fat yana kallona, wallahi sai da na ji ƙafafuna sun mutu. Ashe da zarar makro, wato jerin umarnin da ake rubuta wa Excel ya riƙa yin wani aiki da kansa, ya gama aiki Excel yana goge tarihin komawa baya gaba ɗaya, ni kuwa shekara da shekaru ina aiki da shi babu wanda ya taɓa gaya mini. Makron nan na sa shi ne ya riƙa share shafin wata idan za a shiga sabon wata, amma an rubuta shi da ActiveSheet, wato duk shafin da kake kai shi zai share, ni kuma ranar ina kan babban shafin da ke ɗauke da zubin kowa. Abin da ya ƙarasa ni shi ne layin ƙarshe na makron da ke adana fayil da kansa, da babu shi da rufewa kawai zan yi ba tare da na adana ba, sai komai ya dawo.

Hajiya ma'aji, na san ba kya son a ambace ki amma ki yi haƙuri yau sai na faɗa. Bayan isha'i ta zo gidana a adaidaita da tsohon littafinta mai baƙin bango, wanda ni da bakina na sha ce mata ta daina wahalar da kanta tunda ga kwamfuta. Ba ta tuna mini da wannan ba. Cewa kawai ta yi, ɗana kwantar da hankalinka, rubutu ne ya ɓace ba amana ba. Muka zauna a tsakar gida ba wuta, tana haska fitilar waya tana karanto suna da zubi ina bugawa har ƙarfe 1 na dare, haka muka yi kwana 4. Allah ya saka miki da Aljanna Hajiya, ya raya miki zuri'a, ya jiƙan Alhaji.

Shugaba ma na gode, da ba ka bar fayil ɗin da na turo maka ta WhatsApp mako 3 kafin abin ba, da daga farkon shekara za mu faro. Sai yaron shagon kwamfuta na bakin kasuwa, wanda ya ƙi karɓar ko sisi. Shi ya duba wajen AutoRecover da ke ajiye aiki duk minti 10, bai samu komai ba ya gaya mini gaskiya bai ja ni da ƙarya ba, sannan ya zauna ya gyara makron. Yanzu sunan shafin ne a rubuce ƙarara, yana tambaya kafin ya share, kuma layin farko SaveCopyAs ne da ke ajiye kwafi mai kwanan wata kafin a taɓa komai. Ya ɗora mini fayil ɗin a OneDrive, wato ma'ajiyar fayil ta intanet, don a iya komawa tsohon kwafi, ya ce kar na sake gwada sabon makro sai a kan kwafi. Allah ya buɗa maka ƙanina.

Uwargida, ke kin san abin da kika sha a kwanakin nan, Allah ya bar mu tare.

Akwai 'yan uwa na jini da labarin cewa na ci kuɗin mutane ya isa kunnensu tun ranar farko, har yau ko waya ba su yi ba, ba komai, na gani dai.

Mambobi kowa ya zo da katinsa ranar Asabar bayan la'asar a gwada shi da lissafin, wanda ya ga kuskure ya faɗa a nan take.